Wai da gaske ne inuwar haikalin nan na Thanjavur ba ta sauka ƙasa?

Dan_Fagge92
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suke Indiya ko suka taɓa zama can, ina da tambaya. Akwai wani bidiyo da yake ta yawo a Facebook na wani tsohon wurin bautar 'yan Hindu a kudancin Indiya, a wani gari wai shi Thanjavur. Mai bidiyon yana cewa ginin ya haura shekara dubu, tsawonsa ya fi mita 60, duk da dutse aka yi shi ba siminti ba rodi, kuma a can ƙolinsa an ɗora wani dunƙulen dutse guda ɗaya mai nauyin tan 80. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da ya ce wai inuwar ginin ba ta taɓa sauka ƙasa ko da wane lokaci ne. Ni dai hankalina bai ɗauka ba. Ta yaya mutanen da ba su da motar ƙugiya ba su da inji za su kai tan 80 sama haka? Ko dai ƙarin gishiri ne irin na masu neman mabiya?

Kabiru_KD
Wa alaikumus salam. Ni ma na gani wlh, har sau uku aka turo min. Aikin aljanu ne kawai, ɗan adam ba zai iya wannan ba.

Sadiq_TamilNadu
Wa alaikumus salam Dan Fagge. Ni a jihar Tamil Nadu, inda garin yake, nake karatu kuma na je wajen da ƙafata, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Ginin gaskiya ne, girmansa gaskiya ne, shekarunsa ma gaskiya ne. Sunansa Brihadisvara, amma mutanen garin suna kiransa Periya Kovil. Sarki Rajaraja na ɗaya na daular Chola ne ya gina shi, an gama a 1010. Maganar inuwa kuwa ba gaskiya ba ce. Da la'asar na shiga, inuwar hasumiyar tana nan shimfiɗe a kan daɓen tsakar gidan ta yi gabas, har akwai wata tsohuwa da jikokinta zaune a cikinta suna hutawa. Masu yi wa baƙi jagora ne suke ta maimaita labarin saboda yana jan hankali.

Abin da bidiyo ba zai nuna maka ba shi ne zafin dutsen nan. Takalmi a waje ake cirewa, idan ka shiga da rana tsaka tafin ƙafarka zai gaya maka, shi ya sa suke shimfiɗa wata doguwar tabarma ta zaren kwakwa mutane suna bi ta kai.

Dan_Fagge92
Allah ya saka da alheri Sadiq. To amma daga ina labarin inuwar ya samo asali? Ai ba za a ƙirƙira haka kawai ba.

Injiniya_Bala
@Dan_Fagge92 akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki kuma lissafi ne mai sauƙi. Hasumiyar siffar dala gare ta, gindinta murabba'i ne mai faɗin kusan mita 30 kowane gefe, tana tsukewa tana hawa. Daga tsakiya zuwa baki mita 15 ke nan, tsawo kuma sama da 60. Idan ka buga za ka samu kwana kusan digiri 14. Ma'ana duk lokacin da rana ta zo kusa da tsakar ka, ba ta karkata fiye da haka ba, inuwar ƙolin a jikin ginin za ta faɗi ba a ƙasa ba. Garin yana wajen digiri 10 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da Kaduna, don haka daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana wucewa kusa da saman kai da tsakar rana. A irin wannan lokacin wanda ya tsaya da ƙarfe sha biyu zai ce lallai ba inuwa. Ya dawo a Disamba ko ya jira la'asar ya gani.

Kabiru_KD
To Injiniya mun ji ta inuwa, tan 80 ɗin fa? Nan ne gizo ke saƙar.

AbuHafsat
Ni abin da ban gane ba, me ya kawo mu zaman yabon ɗakin gumaka a wannan zaure? Wurin shirka ne fa. Kai kuma Sadiq ka ji tsoron Allah, me ka je yi ciki?

Sadiq_TamilNadu
Malam AbuHafsat na gode da nasiha. Ban je bauta ba kuma ban shiga ɗakin da suke ibadarsu ba, a harabar na zaga na duba gini. Da lokacin salla ya yi na fita na samu masallaci a cikin gari, don akwai Musulmi sosai a yankin.

MalamIsa_Zariya
Malam AbuHafsat, Allah ya ƙara mana kishin addini. Amma ka tuna Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ba wanda ya ce a nan abin da suke bauta wa daidai ne, tambaya aka yi a kan gini da tarihi. Daular da ta gina wannan abin ta mulki kudancin Indiya, ta ci arewacin Siri Lanka, jiragen ruwanta sun kai hari har Srivijaya a yankin Indonesiya ta yau a 1025, amma kafin ƙarni na 13 ya ƙare babu ita. Wannan kaɗai abin dubawa ne.

Don ku samu ma'aunin zamanin: Rajaraja ya hau mulki a 985 ya rasu a 1014. A lissafin tarihin sarakunan Kano, Bagauda ya hau a 999. Wato zamani ɗaya suka yi.

AbuHafsat
Na ji Malam. Ni dai ra'ayina yana nan, karantawa daban shiga daban. Allah ya tsare mana imaninmu.

Admin_Zaure
Amin. An ji kowa, kuma don Allah kar a zagi addinin kowa, muna da 'yan'uwa da suke zaune a ƙasar mutane lafiya. A koma kan tambaya.

Ummi_ZanenGini
Bari in sa baki tunda mun yi wannan ginin a darasin tarihin gine-gine. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne tsarin haikalin Hindu ba na tara jama'a ba ne a sahu. Zuciyar ginin wani ɗaki ne mai duhu ba taga, suna kiransa garbhagriha, a nan abin bautarsu yake, a wannan haikalin alamar Shiva ce ta dutse, shi Shiva ɗaya ne daga manyan abubuwan bautar 'yan Hindu. To duk wannan hasumiyar da kuke gani a kan wannan ɗaki ɗaya take zaune. Sauran ginin duk hanya ce ta kai mutum zuwa gare shi.

Komai a kan layi ɗaya yake daga gabas zuwa yamma. Ka shigo ta ƙofar farko, ka wuce ta biyu, sai ka faɗo tsakar gida mai tsawon kusan mita 240 da faɗin 120, an kewaye ta da baranda mai ginshiƙai. A gabanka akwai rumfa da wani ƙaton sa na dutse a kwance yana kallon ɗakin, shi ne Nandi. Daga nan sai zaurukan ginshiƙai, haske yana raguwa yana raguwa har ka isa bakin ɗakin. Da gangan aka yi, daga fili mai rana zuwa duhu. Masu ibada kuma suna zagaya ɗakin suna barin sa a hannun dama.

Wani abu kuma da ya bambanta shi, a yawancin manyan haikalan Tamil Nadu da aka faɗaɗa daga baya kamar na Madurai da Srirangam, hasumiyoyin ƙofa ne suka fi tsawo, ta kan ɗakin tsakiya ƙarama ce. A Thanjavur ƙofofin gajeru ne, ta tsakiyar ce ta danne komai. Hawa 13 ne suke tsukewa a jere, layin gefenta miƙaƙƙe sambal.

Zainab_Gombe
Ummi wannan ba shi ne wanda aka ce daga sama aka fara sassaƙa shi zuwa ƙasa ba? Na taɓa ganin hotonsa a cikin rami.

Ummi_ZanenGini
A'a Anti Zainab, wancan Kailasa ne a Ellora, jihar Maharashtra, nesa sosai da nan. Shi a ƙarni na 8 aka yi shi zamanin sarki Krishna na ɗaya na daular Rashtrakuta, kuma ba gina shi aka yi ba, tsauni aka fafe aka bar siffar haikali a tsakiya. Na Thanjavur ɗora dutse kan dutse aka yi. Masu bidiyo suna yawan haɗa hotunan biyun a wuri ɗaya shi ya sa mutane ke ruɗewa.

Birkila_Sani
Ni a matsayina na mai aikin gini tambayata ɗaya ce. In babu siminti me ya riƙe duwatsun? Kuma cikin hasumiyar a cike yake ko rami ne? Don in a cike yake da dutse wane irin fandisho ne zai ɗauki wannan nauyin

Injiniya_Bala
Malam Sani tambayar mai sana'a ke nan. Ciki fanko ne. Kowane layin dutse ana turo shi ciki kaɗan fiye da na ƙasansa, ta dukkan gefe huɗu, har bakin ya tsuke a rufe shi a sama. Nauyin na sama ne yake danne wutsiyar na ƙasa ya hana shi rinjaya. Duwatsun an gyara fuskokinsu su zauna daram a kan juna, don haka nauyi da dacewar sassaƙa su ne suka yi aikin siminti. Dutse yana jure danniya sosai, a ja shi ne ba ya so, to su sun tsara ginin yadda kusan ko'ina danniya ce. A ƙasa kuma bango biyu ne, na ciki da na waje da lungu a tsakaninsu, can sama suka haɗe suka zama gindi mai faɗi da hasumiyar ta hau kai. Adon da ke jikin hawa-hawan na sama kuma an yi masa shafe da farar ƙasa.

Sai maganar @Kabiru_KD. Tan 80 buhun siminti 1,600 ke nan, kusan tirela uku in ana loda 600. Nauyi ne amma ba na aljanu ba. Labarin da mutanen yankin ke bayarwa shi ne an tara ƙasa an yi doguwar gangara daga wani ƙauye Sarapallam mai nisan kusan kilomita 6, giwaye da mutane suka ja dutsen a kai. In ka raba mita 60 a kan kilomita 6, hawan mita 1 ne a kowace mita 100, ko keke ba zai ji wannan hawan ba. Matsalar ita ce yawan ƙasar da za a tara, ya fi ginin kansa nesa ba kusa ba. Shi ya sa wasu masana suka fi karkata ga gangarar da take zagaye ginin tana hawa tare da shi. Kuma da yawa daga waɗanda suka yi nazarin ƙolin sun ce ba dutse ɗaya ba ne, gutsattsari ne aka haɗa aka shafe. Ni wannan ya fi kwanta min, don magini mai hankali ba zai ɗora wa kansa wahalar da zai iya rabawa ba.

Birkila_Sani
Yauwa. Ni ma in ni ne haka zan yi. Amma fa gyara fuskar dutse mai tauri da guduma da cizal har ya zauna ba rata, wanda bai taɓa riƙe guduma ba ba zai gane wahalar ba. Allah ya ba mutanen nan haƙuri.

Sadiq_TamilNadu
@Injiniya_Bala amma fa duk jagoran da ka tambaya a wajen dutse ɗaya zai ce maka, har da rantsuwa. Daga ƙasa kuma ba ka iya ganin mahaɗa.

Hajiya_Maijidda
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni jinyar maigida ce ta kai ni Chennai, da ya samu sauƙi likita ya ce mu ɗan jira kafin mu hau jirgi, sai wani yaronmu ɗalibi ya ce bari ya fita da mu mu sha iska. Jirgin ƙasa muka hau da dare muka wayi gari a can, tafiyar ta kai kilomita 350. Ni abin da ya tsaya min a rai ba ma ginin ba ne, ƙasar ce. Da gari ya waye na leƙa taga, shinkafa ce kore shar iya ganinka, ga bishiyoyin kwakwa da ayaba, ga magudanan ruwa ko'ina, mata sun duƙa cikin ruwa suna dashe. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba tudu ko ɗaya. Na ce wa yaron nan to ina suka samu dutsen? Don ni ban ga ko tsakuwa ba a hanya. Tun daga nesa kana hango hasumiyar ta fi komai tsawo a garin.

MalamIsa_Zariya
Hajiya Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Wallahi kin taɓo inda maganar take. Kowa yana kallon dutsen da ke sama, ni kuwa a ganina abin mamakin yana ƙasa. Thanjavur a bakin kogin Kaveri take inda ya rarrabu kafin ya shiga teku, ƙasar laka ce da yashi, babu giranit a wajen, wato dutsen nan mai tauri da aka yi ginin da shi. Duk dutsen da ke jikin ginin nan daga nesa aka jawo shi, tafiyar kilomita gommai. To wa zai ciyar da masu fasa dutse da masu ja da masu sassaƙa da giwaye na tsawon shekaru? Shinkafar nan da Hajiya ta gani. Tun ɗaruruwan shekaru kafin Rajaraja akwai madatsar ruwa ta Kallanai a kan Kaveri, wadda ake danganta wa sarki Karikala, tana karkatar da ruwa zuwa gonaki, kuma har yau tana aiki. Har yanzu yankin ne rumbun shinkafar Tamil Nadu.

Sannan ba sai mun yi hasashe ba, don sarkin ya sa an rubuta komai a jikin bangon da harshen Tamil, an sassaƙa a dutse zagaye da gindin ginin. Akwai sunayen ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa da adadin da kowanne zai kawo, har da ƙauyuka a Siri Lanka. Akwai sunayen mata masu rawa 400 da aka kawo daga wasu haikalai, kowace da gidan da aka ba ta a layin da take. Akwai makaɗa, masu gadi, akawu, masu wanki, maɗinka, masu tukwane, kowa da ladansa a ma'aunin shinkafa. An ba makiyaya tumaki da shanu a kan sharaɗin su riƙa kawo man shanu kullum don kunna fitilu. An rubuta kyautar da yayarsa Kundavai ta bayar, an auna nauyin zinariya da adadin duwatsu masu daraja. Har sunan babban maginin yana nan, Kunjara Mallan Rajaraja Perunthachan. Saboda haka @Kabiru_KD ga sunan ɗan adam a rubuce.

Kabiru_KD
Tofa. Mata 400 da sunan kowacce? Lallai akawun ya sha aiki.

DanMaradi
Malam Isa ina gaisuwa, amma ban yarda shinkafa kaɗai ba ce. Yaƙi fa? Ni abin da na karanta, sarkin nan ya yaƙi daulolin Chera da Pandya da ke maƙwabtaka da shi ya kwashe dukiyarsu, ya shiga Siri Lanka sojojinsa suka ci Anuradhapura wadda ta daɗe tana babban birni. A cikin rubutun bangon da kake magana akwai inda aka ce wani zinaren daga taskar sarakunan da ya ci da yaƙi ya fito. Ko sunan ƙofar farko Keralantakan, kirari ne na cin Kerala, ƙasar Chera. Kuma asalin sunan haikalin Rajarajeshvaram, sunansa ya sa masa. To ni a ganina ginin nan sanarwa ce ga duk wanda ya shigo birnin cewa ga mai ƙarfi. Mutanen da aka kwashe wa dukiya ba a rubuta sunansu a bango ba.

MalamIsa_Zariya
Wannan gaskiya ne DanMaradi, ganima ta shiga ciki sosai. Inda nake tsaye shi ne ganima sau ɗaya take zuwa, amma abin da zai riƙe ma'aikata ɗaruruwa shekara da shekaru sai gona. Har bashi haikalin yake ba majalisun ƙauyuka da kuɗin ruwa, ribar ana sayen kayan hidima da ita. Wato ya zama baitulmali da ma'aikata a lokaci ɗaya.

DanMaradi
To ai harajin ƙauyukan Siri Lanka ma da takobi aka samo shi Malam. Gona ce amma gonar wa?

Yakubu_Jos
Ina bin ku a hankali, muhawarar ta yi daɗi. Tambaya, shi ƙaton san nan na dutse shi ma tun 1010 yake?

Ummi_ZanenGini
A'a Yaya Yakubu. Wanda yake rumfar yanzu na zamanin sarakunan Nayak ne da suka mulki garin daga baya, wajen ƙarni na 16, dutse ɗaya ne tsawonsa kusan mita 6. Wannan ma wani abu ne da bidiyoyin ba sa faɗa, ba duk abin da ke harabar ne na Chola ba. Akwai ƙaramin haikali na matar Shiva da aka ƙara zamanin Pandya a ƙarni na 13, akwai na Subrahmanya, wanda suke cewa ɗan Shiva ne, na zamanin Nayak wanda sassaƙarsa ta fi ta ko'ina laushi, ganuwa da ramin da ya zagaye wajen su ma daga baya aka yi. Sarakunan Maratha da suka mulki garin sun yi gyare-gyare, Serfoji na biyu ya sa an sassaƙa tarihin gidansu da harshen Marathi a bango a 1803.

Abin da ni ya fi burge ni shi ne zanen da ke lungun nan tsakanin bango biyu da Injiniya ya ambata. Masu zanen Nayak sun zo sun shafe bangon sun yi nasu a kai, aka manta akwai wani abu a ƙasa. Sai a 1931 wani malamin tarihi S. K. Govindaswami ya shiga lungun da fitila ya lura inda shafen sama ya ɓare akwai wani zane daban a ƙarƙashi. Ashe zanen Chola ne na asali yana nan da launinsa. Daga baya ma'aikatan adana kayan tarihi suka ɗaye wasu sassan na saman a hankali suka ajiye su daban don kar a rasa ko ɗaya. A hawa na sama kuma an sassaƙa salon rawa, an shirya guraben 108 amma 81 aka gama, sauran duwatsun suna nan ba a taɓa su ba.

Birkila_Sani
Allah sarki, ashe su ma suna barin aiki ba a ƙarasa ba.

Sadiq_TamilNadu
Lungun zanen a rufe yake, ba a barin kowa ya shiga, sai dai hotunansu da aka ajiye a wani ɗan ɗakin nuni a harabar. Amma rubutun bangon kam kana iya sa yatsa ka bi shi, haruffan ƙanana ne masu lanƙwasa, layi bayan layi a jikin dutsen da ya yi ja-ja, wasu wuraren sun yi santsi saboda hannun mutane. Wani abokina ɗan Tamil ya gwada karantawa, kalma ɗaya ɗaya yake tsinta don salon rubutun ya canza.

Kuma ku sani ba kango ba ne, har yau ana ibada a ciki kullum. A 2010 sun yi bikin cika shekara dubu, masu rawa dubu suka yi wasa a harabar, gwamnati ta fitar da kwandala ta rupi 5 da kan sarki. A Fabrairun 2020 da za a yi babban bikin tsarkake shi har kotu aka je a kan da wane harshe za a yi, Tamil ko Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, a ƙarshe aka yi da duka biyun.

Zango_Kumasi
Salam jama'a. Ni na ɗauka duk haikalin Indiya irin mai lanƙwasar nan ne kamar masara a tsaye, irin wanda muke gani a fim.

Ummi_ZanenGini
Wannan salon arewa ne, Nagara. Misalinsa Kandariya Mahadeva a Khajuraho, wanda sarakunan Chandela suka gina wajen 1030, kusan sa'an na Thanjavur amma tsawonsa wajen mita 31, kuma da dutsen yashi mai laushi aka yi shi shi ya sa sassaƙar ta yi yawa. Na kudu Dravida ne, hawa-hawa kamar matakala. Giranit ba ya ba ka damar yin wasa da shi haka.

AbuHafsat
Sadiq ka ce akwai Musulmi a yankin, tun yaushe?

Sadiq_TamilNadu
Sun daɗe Malam, ta hanyar fataken teku Musulunci ya shigo gaɓar. Idan ka yi gabas daga Thanjavur zuwa bakin teku akwai Nagore kusa da Nagapattinam, garin Musulmi ne sananne da hubbaren Shahul Hamid. Hasumiya mafi tsawo a wajen ma sarkin Thanjavur ne Pratap Singh ya gina ta a ƙarni na 18 kuma shi Hindu ne.

MalamIsa_Zariya
Shi kansa Rajaraja ya ba da harajin ƙauye guda, Anaimangalam, ga wani wurin ibadar 'yan Buddha da sarkin Srivijaya ya gina a Nagapattinam. Takardar tagulla ce, tana Leiden a ƙasar Holan. Ciniki ne ya haɗa su, amma ɗansa Rajendra ne kuma ya kai wa Srivijaya ɗin hari daga baya.

DanMaradi
Ka ga abin da nake faɗa ke nan Malam.

Dan_Fagge92
Kai jama'a na ƙaru wlh. To in na fahimta, inuwa tana sauka, shekaru da tsawo gaskiya ne, dutsen sama kuma Injiniya ya ce gutsattsari aka haɗa, Sadiq ya ce mutanen wajen sun ce ɗaya ne. Ni har yanzu jawo duwatsun daga nesa a cikin laka ne ya fi ba ni mamaki, damina fa? Amalanke zai nutse ai.

Injiniya_Bala
Ruwansu mai ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba yake sauka, daga nan ƙasa tana bushewa ta yi tauri har zafin Afrilu da Mayu. Duk mai hankali a rani zai yi jigila ya tara, masu sassaƙa su yi ta aiki a wurin duk shekara. Yadda ake fasa giranit kuwa ana ganin alamarsa a tsofaffin wuraren tarihi na kudancin Indiya irin su Mahabalipuram da Hampi, za ka ga layin ƙananan ramuka a jere a jikin falalen dutse, a nan ake kafa turaku a yi ta bugu har dutsen ya tsage a miƙe.

Kabiru_KD
Ni dai har yanzu tan 80 ɗin nan bai sauka daga kaina ba. Ko gida takwas aka raba shi kowanne tan 10 ne fa, a saman mita 60, a kan katako da igiya.

Hajiya_Maijidda
Sadiq ɗana, yaron da ya kai mu ya ce akwai wani irinsa da ɗan sarkin ya gina, ba mu samu zuwa ba saboda jikin Alhaji. Yana da nisa?

Sadiq_TamilNadu
Ba nisa sosai Hajiya, wajen kilomita 70 ne, sunan wurin Gangaikonda Cholapuram. Rajendra ne ya gina shi wajen 1035 da ya mayar da babban birni can. Bai kai na babansa tsawo ba kuma gefen hasumiyarsa yana da ɗan lanƙwasa. Birnin ya ɓace, yanzu ƙauye ne da gonaki sai haikalin a tsaye. Na ukunsu yana Darasuram kusa da Kumbakonam, na ƙarni na 12. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa na Thanjavur a jerin kayan tarihin duniya a 1987, ta haɗa da sauran biyun a 2004. Duk wanda zai je ya fita da sassafe ko bayan ƙarfe huɗu saboda zafin daɓen. @Injiniya_Bala in na koma zan nemi wani daga ma'aikatan hukumar adana kayan tarihi da ke wajen in tambaye shi maganar dutsen ƙolin, su ne suke hawa sama lokacin gyara.

Injiniya_Bala
Madalla. Ka tambaye shi har da guda nawa ne, kuma ta ina mahaɗar take, a tsaye ko a kwance.